Yadda Fayil ɗin Majiyyaci Ya Shiga Kwamfuta

A shekarar 1907, a asibitin Mayo da ke garin Rochester na ƙasar Amurka, wani likita mai suna Henry Plummer ya kafa wata ƙa'ida wadda a yau ake ganin kamar tare da ita aka ƙirƙiri asibiti: kowane majiyyaci a ba shi lamba ɗaya, a buɗe masa fayil ɗaya, kuma duk likitan da ya duba shi, ko yau ko bayan shekara goma, a cikin wannan fayil zai rubuta abin da ya gani. Kafin wannan lokaci kowane likita da littafinsa yake, yana rubuta marasa lafiya bi da bi yadda suka shigo, ta yadda tarihin mutum guda kan warwatse a cikin littattafai da dama, babu mai iya tattaro shi sai da wahala. Plummer ya mayar da majiyyaci, maimakon likita, ya zama ginshiƙin rubutun, kuma duk abin da ya biyo baya a cikin wannan tarihi ƙoƙari ne na cika wannan ƙa'ida a wuraren da ba su da halin asibitin Mayo.

Ƙa'idar ta iso manyan asibitocin Afirka tare da likitocin mulkin mallaka da na mishan, amma ta iso ba tare da guzurinta ba, domin fayil ɗaya ga mutum ɗaya yana buƙatar ɗaki mai faɗi, da kantoci, da takardar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da za su mayar da kowane fayil gurbinsa kafin a tashi aiki. Duk wanda ya taɓa yankar kati a babban asibitin gwamnati ya san wannan ɗaki: 'yar ƙaramar taga, layi tun da asuba, a ciki kuma fayiloli sun cika kantoci har sun gangaro ƙasa, wasu an ɗaure su da igiya, wasu damina ta taɓa su, wasu gara ta ci gefensu. Idan aka nemi fayil aka rasa, sai a buɗe sabo, don ba za a mayar da mara lafiya gida saboda takarda ba. Da haka mai hawan jini ɗaya yakan zama mutum uku a rubuce, kowanne ɗauke da guntun labarinsa. A ƙananan asibitocin karkara kuwa, babbar rajista ce ta ci gaba da mulki, layi ɗaya ga kowane zuwa, kuma idan wata ya ƙare a zauna a ƙirga layukan da hannu, a cike fom, a aika sama.

Mafita ta farko da ta yi tasiri a faɗin duniya daga ƙasar Yarbawa ta fito, kuma ta takarda ce. David Morley, likitan yara ɗan Birtaniya, ya zo asibitin Wesley Guild na Ilesha a 1956, ya kuma shafe shekaru yana bin lafiyar yaran ƙauyen Imesi-Ile, inda ya tsara wani kati mai ɗauke da nauyin yaro wata bayan wata, da alluran rigakafinsa, da cututtukan da ya yi. Abin da ya bambanta katin shi ne hannun da aka danƙa wa: uwa ce ke ajiye shi a cikin leda, ta zo da shi duk ranar awo, ta koma da shi gida. Daga baya hukumomin lafiya na duniya suka karɓi tsarin, kuma katin rigakafin da iyaye mata ke riƙewa a yau, daga Kano har Zinder, jikan wancan ne. Ya nuna cewa bayani yakan fi daɗewa a hannun wanda ya fi kowa buƙatarsa, sai dai bai iya gaya wa asibiti wane yaro ne bai dawo ba.

Kwamfuta ta shigo maganar ne a ƙarshen shekarun 1980, kuma a nan ma Nijeriya na cikin sahun farko. A 1989 Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da asibitin koyarwarta suka ƙulla aiki da Jami'ar Kuopio ta ƙasar Finlan, suka ɗauko manhajar asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wadda dokar ƙasarsu ta bar ta a matsayin dukiyar jama'a, suka sassaƙa ta ta dace da aikin asibitin Nijeriya. Suka sa mata suna MINPHIS, kuma a watan Janairu na 1991 ta fara aiki, tana rajistar waɗanda aka kwantar da waɗanda aka sallama. A watan Afrilu na 1993 Ile-Ife ta karɓi baƙuncin taro na farko na masana kwamfuta da harkar lafiya a Afirka, wanda ake kira HELINA. Wata biyu bayan taron aka soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, ƙasar ta shiga shekarun takunkumi da yajin aiki da ƙarancin kuɗi, jami'o'i suka yi ta asarar ƙwararrunsu zuwa ƙetare. MINPHIS ta rayu, har ta isa wasu asibitoci kaɗan, amma ba ta bazu yadda masu ita suka yi fata ba. An tabbatar da cewa 'yan ƙasa za su iya gina irin wannan aiki su kuma kula da shi. Abin da ba a samu ba tukuna shi ne wata larura mai ƙarfi da za ta tilasta wa masu riƙe da kuɗi su biya.

Afirka ta Kudu ce ta gwada hanya biyu a lokaci guda, kuma sakamakonsu ya zama darasi ga nahiyar. Mulkin wariyar launin fata ya bar wa sabuwar gwamnatin 1994 ma'aikatun lafiya 14, kowace da fom ɗinta da irin ƙidayarta, babu wadda ke iya karanta ta wata. A lardin Arewa, wanda daga baya aka sa wa suna Limpopo, hukumomi suka zaɓi su magance matsalar gaba ɗaya: aka ba kamfanin IBM kwangilar rand miliyan 134 domin ya haɗa asibitoci 42 a kan tsarin kwamfuta guda. Aikin ya fara da babban buri, amma a asibitoci da yawa wuta ba ta tsaya ba, wayoyin ba su kammala ba, ma'aikatan jinya ba a yi musu bayanin amfanin abin da aka ɗora musu ba, kuma shugabannin da suka fara aikin sukan bar kujera kafin ya kai ko'ina. Aka rabu da kamfanin, aka kawo wani, shi ma bai kai gaci ba. A 2003 masu binciken da aka ɗora wa auna aikin suka buga rahotonsu a mujallar likitocin Birtaniya, inda suka nuna cewa yawancin dalilan faɗuwar na mutane ne da tsarin aiki, kuma an daɗe ana zuba kuɗi bayan alamu sun riga sun nuna cewa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

A daidai waɗannan shekaru, a unguwannin talakawa na birnin Cape Town, wasu malaman Jami'ar Western Cape da takwarorinsu na Jami'ar Oslo ta Norwe, cikinsu har da Jørn Braa da Calle Hedberg, suka fara daga ƙasa. Suka zauna da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna tambaya wace ƙidaya ce lallai ake buƙata, suka zubar da sauran, sannan a 1998 suka fito da wata 'yar manhaja mai suna DHIS wadda jami'in gunduma zai iya gyara wa da kansa. Cikin 'yan shekaru ta zama ma'aunin ƙasar baki ɗaya. Sabon zubinta, DHIS2, ya fara aiki a jihar Kerala ta Indiya a 2006, Kenya ta ɗora shi a kan intanet ga ƙasa gaba ɗaya a 2011, Ghana ta bi a 2012, Nijeriya ma ta mayar da shi rumbun ƙidayar lafiyarta. Sai dai wajibi ne a bambanta: asalin aikin DHIS tattara jimla ne, yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka haihu, mutum nawa suka yi zazzaɓin cizon sauro. Tana ganin gunduma, amma ba a gina ta don ta tuna da wane ko wance ba.

Larurar da ta tilasta tunawa da wane da wance ita ce cutar ƙanjamau. Yawancin cututtukan da asibitin karkara ya saba da su masu zuwa ne su wuce: a ba da magani, mutum ya warke ko ya rasu, a rufe layinsa a rajista. Ƙanjamau kuwa, tun da aka gano haɗin magunguna uku a 1996, ta zama cutar da ake rayuwa da ita, da sharaɗin cewa za a sha magani kullum har ƙarshen rai. Likita yana buƙatar sanin wane haɗi majiyyaci yake sha, yaushe ya fara, nawa ne adadin ƙwayoyin garkuwar jikinsa da ake kira CD4 wata shida da suka wuce, kuma ko ya tsallake ranar karɓar magani, domin tsallakewa ce ke koya wa ƙwayar cutar jure wa magani, ta tilasta a koma wani haɗin mai tsada. Muddin maganin yana cin fiye da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, wannan tambaya ba ta taso wa Afirka ba. A watan Fabrairu na 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a watan Janairu na 2003 kuma Shugaba George W. Bush ya yi shelar shirin PEPFAR na dala biliyan 15 cikin shekara biyar. Magani ya zo, kuma tare da shi tambayoyi biyu suka zo: likita yana son sanin halin majiyyacinsa, mai ba da kuɗi yana son sanin inda kuɗinsa ya shiga.

A wancan watan na Fabrairu 2001 da Cipla ya yi tayinsa, ba tare da an shirya haɗuwar ba, wata kwamfuta ta fara aiki a asibitin karkara na Mosoriot, kimanin kilomita 25 daga birnin Eldoret a yammacin Kenya. Aikin ya fito ne daga ƙawancen da Jami'ar Indiyana ta Amurka ta ƙulla da Jami'ar Moi tun wajen 1990, kuma cikin jagororinsa akwai William Tierney da Terry Hannan da Joseph Rotich. Kafin zuwanta, majiyyaci a Mosoriot yakan sayi ɗan ƙaramin littafi ya riƙa yawo da shi, kowane sashe na asibitin kuma, daga wurin awo zuwa ɗakin gwaji zuwa ɗakin magani, yana sake rubuta sunansa a tasa rajistar. Masu aikin ba su ɗora wa malaman asibiti buga kwamfuta ba. Suka tsara takarda guda wadda majiyyaci zai karɓa a bakin ƙofa, ya bi da ita sashe-sashe ana cikewa, idan zai fita ya miƙa wa akawu ya shigar da ita cikin manhajar Microsoft Access. Matsala mafi wuya ba ta na'ura ba ce: yaya za a gane mutum a inda sunaye ke maimaituwa, da yawa kuma ba su san ranar haihuwarsu ba? Sai suka haɗa sunan mutum da na mahaifiyarsa da ƙauyensa, suka ba shi kati mai lamba ta dindindin. Batura da hasken rana suka tare ɗaukewar wuta.

Binciken da aka yi bayan an fara ya nuna cewa lokacin da majiyyaci ke ɓatawa a asibitin ya ragu da kashi 22 cikin 100, kuma rahoton wata da kan ci wa ma'aikata makonni biyu ya koma aikin da ba ya cika yini. Amma abin da ya fi jan hankalin masu kula da lafiyar jama'a shi ne cewa bayanan sun fara magana da kansu: aka ga wani ƙauye yara ba sa samun rigakafi, wani kuma cututtukan sanyi sun yi yawa a cikinsa, aka tura ma'aikatan jinya takanas zuwa can. A cikin wannan shekara ta 2001 aka kafa shirin AMPATH a Eldoret domin ba da maganin ƙanjamau, ƙarƙashin jagorancin likitocin Kenya da Joe Mamlin na Indiyana, aka kuma faɗaɗa manhajar Mosoriot ta ɗauki masu shan maganin. Da kuɗin PEPFAR suka fara shigowa, majiyyata suka tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai, asibitoci suka ƙaru, kuma manhajar da aka gina wa kwamfuta ɗaya a ɗaki ɗaya ta fara nishi.

Ba a Kenya kaɗai ake wannan fama ba. Ƙungiyar Partners In Health, wadda Paul Farmer da Jim Yong Kim da Ophelia Dahl ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1987, tana jinyar masu tarin fuka mai taurin kai a unguwannin birnin Lima na Peru, jinyar da kan ɗauki shekara biyu da magunguna masu yawa, kuma wani likita ɗan Birtaniya, Hamish Fraser, ya gina mata tsarin bayanai a kan intanet, sannan ya yi irinsa ga masu ƙanjamau a tsaunukan Haiti, inda saƙo ke fita ta tauraron ɗan'adam. A Malawi kuma Gerry Douglas ya bi wata hanya dabam tun 2001 a babban asibitin Kamuzu na Lilongwe. Ya sayo wasu ƙananan na'urorin shiga intanet da kasuwar Amurka ta yi watsi da su, ya sa musu allon taɓawa, ya ajiye su a gaban ma'aikaci. Malamar asibiti takan taɓa allo da yatsa, tambaya ɗaya a kowane shafi, manyan maɓallai, babu linzami. Idan ta gama, 'yar na'ura ta fitar da takarda mai ɗanko, a manna a cikin littafin lafiyar da majiyyaci ke riƙe da shi. Wannan aiki, wanda ya zama ƙungiyar Baobab, shi ya buɗe muhawarar da har yau ba ta ƙare ba: a shigar da bayani a gaban majiyyaci, inda kwamfuta za ta iya gargaɗin likita nan take, ko a bar wa akawu ya shigar daga takarda bayan an tashi, wanda ya fi sauƙi amma yakan bar tulin takardu suna jira.

A watan Fabrairu na 2004 wasu matasan likitoci biyu daga cibiyar Regenstrief ta Indiyana, Paul Biondich da Burke Mamlin, ɗan Joe Mamlin, suka je Eldoret domin duba abin da za a yi wa manhajar, suka dawo da ra'ayin cewa faci ba zai yi ba, sai sabon gini. Cibiyarsu ta gaji ilimin wannan sana'a, domin tun 1972 Clement McDonald ya fara ajiye bayanan majiyyata a kwamfuta a can. A watan Satumba na wannan shekara, a wani taron masana a San Faransisko, suka haɗu da Hamish Fraser, suka tarar cewa shi ma yana shirin sake gina nasa tsarin, kuma matsalolinsu iri ɗaya ne. Suka yanke shawarar haɗa hannu, Chris Seebregts na hukumar binciken lafiya ta Afirka ta Kudu ya shigo cikinsu, suka kuma amince a bar asalin rubutun manhajar a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya mayar da gyaransa ga jama'a. Suka sa mata suna OpenMRS.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a ginin ba ta bayyana ga mai kallon allo. Tsofaffin manhajoji sukan ware gurbi ga kowace tambaya, nauyi a nan, zafin jiki a can, ta yadda idan ma'aikatar lafiya ta ƙara tambaya ɗaya a fom sai an nemo mai rubuta manhaja ya fasa gini. OpenMRS, bisa gadon Regenstrief, ta ajiye wani kundi na tsakiya wanda a cikinsa kowace tambaya, kowace cuta, kowane gwaji da kowane magani ke da lambarsa, kuma duk abin da aka gani a jikin majiyyaci ana rubuta shi a matsayin layi ɗaya: wane ne, wace tambaya, wace amsa, wace rana, a wane asibiti. Idan sabuwar buƙata ta taso, a ƙara ta cikin kundin, ginin yana nan yadda yake. Wannan ne ya sa manhajar da aka tsara don ƙanjamau ta iya ɗaukar tarin fuka da awon ciki da ciwon sukari daga baya. Ta fara aiki a Eldoret a watan Fabrairu na 2006, a Rwinkwavu ta Ruwanda a watan Agusta, sannan a asibitin Richmond na lardin KwaZulu-Natal kafin shekarar ta ƙare.

Jarrabawa ta zo da wuri, kuma ta inda ba a zata ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na ƙarshen Disamba 2007, rikici ya ɓarke a Kenya, aka kashe fiye da mutum 1,000, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, kuma Eldoret na cikin wuraren da wutar ta fi ci. Majiyyatan AMPATH suka watse, wasu zuwa sansanonin 'yan gudun hijira, wasu zuwa garuruwan kakanninsu, da yawa ba tare da kati ko kwalbar magani ba. Da a ce tarihinsu yana cikin fayil ɗaya a kan kanta ɗaya, da wanda ya bayyana a wani asibitin ya zama baƙo, a fara masa daga farko. Amma da yake bayanan suna rumbu guda, ma'aikata sun iya gano haɗin maganin da mutum yake sha, sun kuma iya fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, a bi sawunsu. A ganina a waɗannan makonni ne fayil na kwamfuta ya fara nuna wani abu da takarda ba za ta taɓa iyawa ba, wato ya kasance a wuri fiye da ɗaya a lokaci guda.

Daga nan bazuwa ta yi sauri. Kenya ta gina KenyaEMR a kan OpenMRS tun daga 2012, Uganda ta yi nata, Mozambik da Ruwanda haka, kuma babban asibitin koyarwa na Mirebalais da aka buɗe a Haiti a 2013, bayan girgizar ƙasar 2010, da ita ya fara. A Indiya aka haɗa ta da manhajojin ɗakin gwaji da na lissafin kuɗi, aka sami Bahmni, wadda ke iya riƙe asibiti sukutum. Annobar Ebola ta 2014 ta ƙara wani babi, domin takardar da ta shiga ɗakin masu cutar ba ta fitowa sai dai a ƙone ta, har ma'aikata kan tsaya a bakin shinge suna ɗaga murya suna karanta wa na waje zafin jikin majiyyata. A cibiyar Kerry Town ta Saliyo aka tsara wani zubi na OpenMRS mai aiki a kan allunan hannu, amma kafin ya kammala annobar ta fara lafawa, abin da ya koya wa kowa cewa ba a tsakiyar annoba ake fara gina irin wannan kayan aiki ba.

Sai dai nasarar ta zo da tabonta, kuma tabon daga asalinta yake. Tun da kuɗin ƙanjamau ne ya gina tsarin, iyakarsa ta zama iyakar ƙanjamau. A Nijeriya, inda aka yi manhajar NMRS a kan OpenMRS, da wata mai suna LAMIS, da wani rumbun ƙasa da ke tattara bayanan masu shan magani, har da ɗaukar hoton yatsa don kada a ƙirga mutum sau biyu, abu ne sananne ka shiga babban asibiti ka tarar da sashe ɗaya yana da kwamfutoci da sola da akawu masu albashi daga ƙungiyar agaji, alhali ɗakin haihuwa da ke tsallaken baranda yana nan da rajistarsa. Mace ɗaya za ta iya kasancewa cikin kwamfuta a matsayin mai shan magani, cikin takarda a matsayin mai ciki, ba tare da ɗayan ya san da ɗayan ba. A ƙaramin asibitin ƙauye kuma, har yanzu shugaban asibitin ne ke zama ƙarshen wata da rajistoci a gabansa, ya ƙirga, ya cike fom ɗin wata, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma inda jami'i zai shigar da jimlar cikin DHIS2. Kuma da yake mai ba da kuɗi ne ke tsara tambayoyin da za a amsa duk wata uku, da yawa daga cikin tsare-tsaren sun fi ƙwarewa wajen aika rahoto sama fiye da taimakon likitan da ke zaune da majiyyaci, duk da cewa binciken da Martin Were da abokan aikinsa suka yi a Eldoret ya nuna cewa takardar taƙaitawa mai tunatar da likita gwajin da lokacinsa ya yi tana ƙara yawan gwaje-gwajen da ake yi a kan kari. Gwamnatoci sun ga giɓin: Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ta kuma kafa kwamitin haɗa bayanan lafiya na ƙasa a 2024. Amma albashin akawu, da kuɗin intanet, da kula da manyan kwamfutocin da rumbunan ke zaune a kansu, a ƙasashe da yawa sun ci gaba da fitowa daga aljihun waje.

Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje na kwana 90, kuma cikin wannan mako aka aika wa ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin takardar tsayar da aiki. An yi sassauci ga magungunan ceton rai, amma masu shigar da bayanai da masu kula da na'urori da yawa sun zauna a gida, kuma a asibitoci da dama na Kenya da wasu ƙasashe aka koma takarda na wani lokaci, a daidai sashen da ya fara barinta. Manhajar OpenMRS kanta ba wanda ya iya janye ta, tun da a buɗe aka bar ta tun 2004. Abin da aka janye shi ne mutanen da ke ciyar da ita. A watan Fabrairu Majalisar Dokokin Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin rage giɓin, ranar 1 ga Yuli kuma hukumar tallafin Amurka ta USAID ta rufe, aka mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka. A watan Disamba na 2025 Kenya ta sa hannu a kan sabuwar yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar da Amurka, kuma cikin 'yan kwanaki wata babbar kotu a Nairobi ta dakatar da sashen da ya shafi miƙa bayanan lafiyar 'yan ƙasa, har sai an saurari ƙarar da aka shigar a kansa.